Paul Broca, likitan da ya ƙirga matattun gida ɗaya

A littattafan kimiyya da muke koyarwa, sunan Paul Broca yana zuwa ne wajen ƙwaƙwalwa: a 1861 ya nuna sashen da ke sarrafa furta magana. Ni kuwa wani aikin nasa ne ya fi tsaya mini a rai.

An haife shi a 1824 a Sainte-Foy-la-Grande, Faransa. Ɗan likita ne, ya tafi Paris yana shekara 17, ya zama likitan fiɗa. A 1866 ya fitar da littafi kan ƙari, inda ya bi zuri'ar wata mata da sankarar nono ta kashe a 1788. Cikin mata 24 na gidan, 10 ciwon nan ne ajalinsu. Masana tarihi da dama na ganin dangin matarsa ne. Ba shi da na'ura, tambaya da ƙirge kawai ya yi, ya ce akwai gado a ciki.

Sai a 1994 da 1995 aka gano ƙwayoyin gadon, BRCA1 da BRCA2. Kowa yana da su, kuma aikinsu gyara ne. Zaren gado na DNA yakan tsinke gida biyu, su ne ke taimaka wa ƙwayar jiki ta kwafo abin da ya ɓace daga ɗan'uwan zaren, kamar ɗalibin da shafinsa ya yage ya kwafa daga littafin maƙwabcinsa. Kowannensu kwafi biyu muke gado, na uwa da na uba. Wanda ya gaji ɗaya a lalace, in ɗayan ya lalace a wata ƙwaya, sai gyara ya koma na dabo-dabo, kurakurai su taru, saradan ya samu ƙofa. Kowane ɗa ko 'ya, rabi da rabi ne ya gada, kuma ta wajen uba ma yana zuwa. Wannan ne mutanenmu ba su cika yarda ba.

A Mai Wurno da sauran ƙauyukanmu na Jazira da Nilu Shuɗi, tsoho zai lissafo maka kakanni har zuwa hijirar bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma tambayi me ya kashe gwaggo da inna, sai a ce ciwo ne kawai. Likita a cibiyar saradan ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani kuwa amsar nan yake nema, musamman in ciwon ya kama mace tana ƙuruciya.

Broca ba waliyyi ba ne. A 1859 ya kafa ƙungiyar nazarin ɗan'adam ta Paris, ya yi ta auna ƙoƙon kawuna yana jera jinsuna, ya sa baƙar fata a ƙasa. Kimiyya ta yi watsi da wannan tuni. An zaɓe shi sanata a 1880, ya mutu a Yulin shekarar yana da 56.