Mamman Shata: Mawaƙin da ya fitar da kalangu daga mahauta zuwa duniya

A Funtua da ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da wuya a wuce tashar mota ko teburin mai shayi ba a ji muryar Alhaji Mamman Shata ba, duk da cewa ya rasu tun 1999.

An haife shi a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin ba gadon gidansu ba ne, kuma ana yi wa sana'ar kallon roƙo. Shata ya fara da tallan goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi, kafin ya rungumi waƙa gadan-gadan. Ya zauna a Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtua.

Abin kiɗan da ya zaɓa shi ne kalangu, wanda a al'ada na mahauta ne. Masassaƙi ke fafe icen, ya tsuke tsakiyarsa. Sai a rufe bakunan biyu da fata, a haɗa su da tsarkiya. Makaɗi na saƙale shi a hammata, in ya matse tsarkiyar sauti ya tashi, in ya sassauta ya sauka. Da haka kalangu ke kwaikwayon hawa da saukar maganar Bahaushe.

A zamaninsa mawaƙan Najeriya da dama sun karɓi kayan kiɗan Turawa. A Kudu, I.K. Dairo ya shigar da akodiyon cikin kiɗan juju. Shata kuwa bai rabu da kalangu da 'yan amshinsa ba. Da su ya waƙe sarakuna, manoma, direbobi da sojoji, da su ya yi Bakandamiya, kuma da su ya je Ingila da Amurka.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yunin 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Yau waƙoƙinsa na cikin wayoyi, amma yawancin sabbin mawaƙa da fiyano da kwamfuta suke kiɗa. Murya dai ta samu ma'ajiya. Sassaƙa kalangu da ɗaure tsarkiyarsa kuwa sai an zauna gaban gwani an koya. Allah Ya jiƙan Shata.