Chandrasekhar, Baƙon Da Ya Auna Mutuwar Taurari

An haifi Subrahmanyan Chandrasekhar ran 19 ga watan Oktoba, 1910, a birnin Lahore, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Indiya a hannun Turawan Ingila. Iyayensa mutanen kudancin Indiya ne, aikin hukumar jirgin ƙasa ne ya kai uban arewa. Gidansu gidan ilmi ne, domin ƙanen ubansa, C. V. Raman, ya sami lambar Nobel ta kimiyya cikin 1930.

A wannan shekara ce shi ma yaron ya gama kwaleji a Madras, gwamnati ta ba shi kuɗin karatu zuwa Jami'ar Kambirij a Ingila. Yana da shekara 19 ya shiga jirgin ruwa, ya bar uwarsa ba lafiya, bai kuwa sake ganinta ba, gama ta mutu cikin 1931. To, a cikin jirgin nan ne ya zauna ya yi lissafin da ya sa sunansa ya shiga duniya.

Ga yadda abin yake. Tauraro wuta ce mai ci, zafinta ne ke tokare shi kada nauyinsa ya danne shi. In makamashinsa ya ƙare, sai ya tsuke. Malaman wancan zamani sun ɗauka kowane tauraro zai tsuke ne ya koma kamar girman duniyarmu, ya tsaya nan yana hucewa. Irin wannan su ke kira farin wada. Chandrasekhar ya shigar da ka'idar Einstein cikin lissafin, sai ya ga ashe abin yana da iyaka. Idan nauyin abin da ya rage na tauraron ya wuce na rana sau 1.4, ba zai iya tsayawa a farin wada ba, sai ya ci gaba da rushewa cikin kansa.

Ran 11 ga watan Janairu, 1935, ya karanta aikinsa gaban taron masana taurari a Landan. Yana zama sai Sir Arthur Eddington ya miƙe. Shi dai Eddington ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne ya je tsibirin Principe, kudu da gaɓar tekun Nijeriya, cikin 1919, ya auna hasken taurari lokacin husufin rana, ya gaskata maganar Einstein. Ya yi wa lissafin saurayin ba'a, ya nuna hankali ba zai ɗauki a ce tauraro ya rushe haka ba. Jama'a suka yi dariya. Waɗansu manyan masana sun san yaron ke da gaskiya, amma ba wanda ya so ya fito fili ya ja da Eddington.

Saurayi ɗan shekara 24, baƙo, daga ƙasar da Ingila ke mulka, bai tsaya sa-in-sa da dattijo ba. Ya koma gida cikin 1936 ya auri Lalitha, wadda suka yi kwaleji tare. Cikin 1937 suka tashi zuwa Amurka, ya kama aiki a Jami'ar Shikago. Can ma bai tsira ba, don akwai wani babba a jami'ar da bai so baƙar fata ya koyar ba, sai da shugaban jami'a ya tsaya masa. Cikin 1939 ya tattara aikinsa na taurari a littafi guda, ya rufe, ya juya ga wani fanni. Haka ya riƙa yi duk rayuwarsa: ya kama fanni kamar shekara 10, ya rubuta littafi, ya wuce gaba. Daga 1952 zuwa 1971 kuma shi ne editan babbar mujallar ilmin taurari ta Amurka.

Ana nan sai sama da kanta ta ba da shaida. Cikin 1967 wata ɗaliba, Jocelyn Bell, a Kambirij ɗin da ya baro, ta gano alamar tauraron niyutiron, wato gawar tauraro wadda ta fi rana nauyi amma faɗinta bai fi kilomita 20 da 'yan kai ba. Farkon shekarun 1970 kuma aka sami shaida mai ƙarfi cewa akwai baƙin rami a wurin da ake kira Cygnus X-1, inda tauraro ya rushe har haske ma ba ya iya fita.

Mai karatu zai ce, to yaya ake ganin abin da ba ya ba da haske? Idan baƙin rami ko tauraron niyutiron yana da tauraro maƙwabci, yakan riƙa janyo iskar jikinsa. Iskar ba ta faɗawa kai tsaye, sai ta yi ta kewaya shi, ta shimfiɗu kamar faifai. Tana matsawa ciki tana zafi har miliyoyin digiri, sai ta fitar da irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wannan hasken ake kamawa.

Amma an daɗe ba a san abin da ke sa iskar ta bar kewayawa ta gangara ciki ba. Cikin 1991 masana biyu, Balbus da Hawley, suka nuna ƙarfin maganaɗisu ne ke dama faifan. Ashe wani Barashe, Velikhov, cikin 1959, da Chandrasekhar cikin 1960, sun riga sun yi lissafin wannan damuwa, ba tare da tunanin baƙin rami ba.

Cikin 1983 ya fitar da babban littafi kan lissafin baƙin rami, a shekarar kuma aka ba shi lambar Nobel tare da William Fowler, shekara 53 bayan tafiyar jirgin ruwa. Eddington ya riga ya mutu tun 1944. Duk da abin da ya wuce tsakaninsu zumuncinsu bai yanke ba, har Chandrasekhar ya rubuta ɗan littafi yana girmama shi.

Ya mutu a Shikago ran 21 ga watan Agusta, 1995, bai bar ɗa ba. Cikin 1999 Amurka ta harba wani madubin hangen nesa sararin sama don kama hasken waɗannan faya-fayai, aka raɗa masa suna Chandra.