KARL JANSKY, MUTUMIN DA YA FARA JIN AMON TAURARI

Duk mai kama tashar nesa a akwatin rediyo ya san ƙugin nan da kan hana a ji magana sosai. To, neman asalin irin wannan ƙugi ne ya sa wani Ba'amurke, Karl Jansky, ya buɗe sabon babi a ilmin taurari.

An haife shi ran 22 ga Oktoba, 1905, a garin Norman cikin Jihar Oklahoma. Ya gama Jami'ar Wisconsin a 1927. Da shekara ta kewayo sai ya kama aiki a ma'aikatar bincike ta kamfanin tarho na Bell, a Jihar New Jersey. Tun yana saurayi yake fama da ciwon ƙoda.

A lokacin nan kamfanin yana aika maganar tarho tsakanin Amurka da Ingila ta hanyar rediyo, ƙugi kuwa yana ɓata magana. Sai aka ce Jansky ya gano inda yake fitowa. Ya haɗa wata eriya mai tsawon ƙafa 100, ya ɗora ta bisa tayoyin tsohuwar mota Ford, tana kewayawa sau ɗaya kowane minti 20.

Ya tarar ƙugin iri uku ne. Na fari tsawar kusa ce, na biyu tsawar nesa, na uku kuwa wani siririn amo ne wanda ba ya yankewa. Da fari ya zaci daga rana yake. Amma da ya yi ta aunawa cikin 1932, sai ya ga amon yakan yi ƙarfi bayan kowace awa 23 da minti 56, watau kullum yana riga rana da minti 4. Haka taurari suke yi. Nan ya tabbata amon ya fito ne daga tsakiyar babban garken taurari wanda rana take ciki.

Ran 5 ga Mayu, 1933, jaridar New York Times ta buga labarin a shafin farko. Jansky ya so ya gina eriya wadda ta fi wannan, amma ana cikin matsin tattalin arziki, amon kuma bai dami tarho ƙwarai ba. Kamfani ya mai da shi wani aiki. Masanan taurari su ma ba su kula ba, sai wani saurayi, Grote Reber, wanda ya gina tasa eriyar a bayan gidansu a 1937. Jansky ya rasu ran 14 ga Fabrairu, 1950, yana da shekara 44, tun amfanin aikinsa bai gama bayyana ba.

Shekara 9 bayan rasuwarsa masana a Ingila suka ji amon rediyo daga gungun Coma, inda garkunan taurari fiye da 1,000 suke tare. Daga baya aka gane ba daga garke guda yake fitowa ba, ya bazu ne cikin sararin da ke tsakaninsu. Irin wannan gungu yana girma ta haɗiye ƙanana. In biyu suka yi karo, iska mai tsananin zafi da ke cikinsu takan hautsine, ƙwayoyin lantarki su sami gudu kusa da na haske. Suna karkata cikin ƙarfin maganaɗisu, sai su fid da amon. Haka galibin masana suke gani.

A 1973 aka sa wa ma'aunin ƙarfin wannan amo suna jansky. Da shi ake awo a MeerKAT, tashar nan mai eriya 64 da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2018. Wanda ya shuka dabino ba kullum shi ke cin 'ya'yansa ba.