Phil Lynott, ɗan riƙon kaka da ya girgiza Dublin

A wani ɗan gajeren titi mai suna Harry, dab da titin Grafton inda mutanen Dublin ke cin kasuwarsu, akwai mutum-mutumin tagulla na wani dogon mutum mai tulin gashi, ya dafa jitarsa a ƙasa kamar makiyayi da sandarsa. An kafa shi a 2005. 'Yan'uwanmu mazauna Ayilan da yawa sun sha wucewa ta gabansa, wasu ma sun ɗauki hoto da shi sun tura gida don kawai sun ga gashin irin namu ne. Sunansa Philip Lynott, jagoran ƙungiyar makaɗa ta Thin Lizzy. Bayan mutuwar Jimi Hendrix a 1970, da wuya a nuna wani baƙar fata da ya kai shi suna a kiɗan rok mai zafi, kiɗan da jama'a suka ɗauka na Turawa ne zalla.

An haife shi ranar 20 ga Agusta, 1949, a West Bromwich, kusa da Birmingham a Ingila. Uwarsa, Philomena Lynott, Baturiyar Dublin ce da ta tsallaka Ingila neman aiki tana budurwa, kamar dubban 'yan ƙasarta a lokacin. Ubansa, Cecil Parris, ya fito ne daga Georgetown ta Guyana, wadda take ƙarƙashin Turawan Ingila a wancan zamani. Wato ci-rani ne ya haɗa su, dukansu baƙi ne a garin. Ba su yi aure ba. Aiki ya ɗauke uban zuwa Landan, aka bar yarinya mai shekara goma sha takwas da ciki. Ta zauna a irin gidajen nan da coci ke tanada wa matan da suka haihu ba aure, aka yi ta matsa mata ta ba da yaron ga masu neman ɗa, ta ƙi. Daga nan ta yi ta yawo da shi, daga wannan ɗakin haya zuwa wancan, har Manchester. A Ingilar wancan lokaci kuwa, farar mace da baƙin jariri a hannu, ƙofofin da ke buɗe mata kaɗan ne.

Da abin ya yi mata yawa, sai ta yi abin da iyaye da dama cikin masu karanta wannan shafi suka yi, ko suke shawarar yi a daren nan: ta tura shi gida. Ya koma unguwar Crumlin ta talakawan Dublin, wajen iyayenta, Frank da Sarah Lynott, ita kuma ta zauna a Manchester tana aiki tana aike. Mu da muka san riƙon kaka, mun san daɗinsa, mun kuma san abin da yake bari a zuciyar yaro. Akwai abinci, akwai gata, akwai kawunnai da ake tashi tare kamar 'yan ɗaki ɗaya, amma uwa ta zama baƙuwar hutu mai zuwa da tsaraba. Duk wanda ya kai ɗansa Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi don ya sami tarbiyya, ya san irin kallon da yaron ke yi masa a ranar komawa. Bambancin Philip shi ne, gidan da aka mayar da shi ɗin, kusan babu mai launinsa a makaranta ko a titi. Ya girma yana magana da harshen 'yan Crumlin tsantsa, yana zuwa makarantar 'yan Katolika, yana alfahari da tarihin Ayilan fiye da Turawan da ke tambayarsa daga ina ya zo. Bai manta da matan nan biyu ba: ya yi wa kakarsa waƙa mai suna Sarah a 1972, ya yi wa uwarsa Philomena a 1974.

A makaranta ya haɗu da Brian Downey, wanda zai zama makaɗin gangunansa kusan har ƙarshe. Ya fara da rera waƙa a ƙananan ƙungiyoyi, ciki har da Skid Row ta Dublin, inda ya san wani yaron Belfast mai hannun jita, Gary Moore. Da suka sallame shi, shugaban ƙungiyar, Brush Shiels, ya koya masa kaɗa bes, wato jitar nan mai igiya huɗu da kaurin murya, wadda ake ji a ƙirji kafin a ji ta a kunne. A ƙarshen 1969 shi da Downey da Eric Bell suka kafa Thin Lizzy. Sunan ma na barkwanci ne, daga wata mutum-mutumi ta cikin mujallar zanen yara, The Dandy.

Suka koma Landan a 1971, faifai biyu suka fita ba ciniki. Abin da ya cece su wata tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Ayilan, Whiskey in the Jar, labarin ɗan fashin da budurwarsa ta ci amanarsa. Su waƙar da suka so a tallata ita ce Black Boys on the Corner, wadda Philip ya rubuta da kansa a kan zamansa na baƙar fata, amma kamfanin Decca ya mayar da ita bayan faifai. Ta gargajiyar ta kai ta shida a jerin waƙoƙin Birtaniya a 1973. Kuɗi ya shigo, sai dai ya ji haushin a riƙa kallonsu a matsayin masu sabunta waƙoƙin mashaya.

Sautin da aka san su da shi ya zo ne a 1974, bayan tafiyar Bell. Maimakon mai jita ɗaya, Philip ya ɗauki biyu: Scott Gorham daga Kalifoniya da Brian Robertson, ɗan shekara goma sha takwas daga Glasgow. Su biyun sukan kaɗa layi ɗaya a lokaci guda, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya, kowacce ta san lokacin da taɓaryar 'yar'uwarta za ta sauka. A kan wannan Philip ke ɗora muryarsa, kuma salonsa ya sha bamban da na sauran mawaƙan rok na lokacin masu tsala ihu. Shi kamar hira yake yi, yana ɗan jinkiri a bayan kiɗan, yana ba da labarin 'yan unguwa da fursunoni da mayaƙan dā. A watan Maris na 1976 suka fitar da Jailbreak, wanda ke ɗauke da The Boys Are Back in Town. Waƙar ta kai ta takwas a Birtaniya, ta goma sha biyu a Amurka.

Ni ban zo duniya ba sai bayan ya bar ta, don haka ta hanyar faya-fayan da aka sabunta sautinsu na san shi, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya, don mutane na haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. A sutudiyon wancan zamani, kowane kayan kiɗa da layinsa a kan wani faffaɗan tef. Sai a haɗa su a sauke a kan tef guda, daga shi a yanka faifan garmaho. Faifan garmaho yana da iyaka: idan kaurin sauti ya yi yawa, layin da allura ke bi sai ya yi faɗi, ya cinye wuri, wani lokaci ma allurar ta yi tsalle. Dole masu yanka faifai su rage kaurin. Ka ga ke nan wanda ya fi cutuwa shi ne mai kaɗa bes. Sabunta sauti shi ne a koma wa tef ɗin nan guda, a sauke shi a kwamfuta, a cire shuuu ɗin tsufa, a dawo da abin da aka rage. Wasu tef-tef na tsakiyar shekarun 1970 ma sai an gasa su a tanda da ɗan zafi kaɗan na sa'o'i kafin su juyu, saboda gam ɗin da ke riƙe da su ya sha raɓa. Wannan ɗumame ne, tuwon jiya da miyarsa, an dai gyara wuta. Sake haɗi kuwa wani abu ne daban: a koma wa layukan ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga wannan a sauke wancan, wato a sake kaɗa miyar tun daga kayan haɗi. A fitowar Jailbreak ta 2011 an yi duka biyun, domin Gorham da Joe Elliott na ƙungiyar Def Leppard sun sake haɗa wasu waƙoƙin a faifai na biyu. Ni dai ɗumamen na fi so. Mutumin da ya amince da haɗin farko ba ya nan balle a tambaye shi. Ku sa abin ji a kunne ku saurari Emerald ko Cowboy Song, ku bar jitocin nan biyu su yi ta kai-kawonsu, ku bi abin da ke ƙasa. Za ku ji mutum ɗaya yana riƙe da ginshiƙin kiɗan da hannu, yana kuma hira da baki, kowanne da tafiyarsa. Abu ne mai wuyar gaske, kuma a ƙaramar rediyo ba ya fitowa. Hattara ɗaya: ba kowane sabuntawa ne alheri ba. Wasu kamfanoni kan matse sautin don ya yi ƙara a waya da mota, sai a rasa bambanci tsakanin raɗa da tsawa, kunne ya gaji tun waƙa ta uku.

Faifansu mafi daraja a wajen mutane da yawa shi ne Live and Dangerous na 1978, wanda aka ɗauka a wuraren wasa a Landan da Toronto da Philadelphia, ya kuma kai na biyu a Birtaniya. An shekara arba'in ana gardama a kansa. Wanda ya haɗa shi, Tony Visconti, ya sha nuna cewa kaso mai yawa an sake kaɗa shi ne a sutudiyo, 'yan ƙungiyar kuma suna musantawa. A 2023 aka fitar da cikakkun wasannin a faifai takwas, kowa ya saurara ya yanke wa kansa hukunci. Abin da kunnena ya gaya mini shi ne, gyara ko ba gyara, mutanen nan sun iya aikinsu a gaban jama'a.

Amurka ce ta kuɓuce musu, sau biyu a shekara guda. A tsakiyar 1976, waƙarsu na tashe, ciwon hanta ya kwantar da Philip, aka soke sauran yawon. A jinyar ya rubuta yawancin waƙoƙin Johnny the Fox. Ƙarshen shekarar, ana shirin komawa, aka yanki Robertson a hannu a wata rigima a gidan rawa na Speakeasy a Landan. Damar ba ta sake dawowa da irin wannan girma ba. Zuwa lokacin Black Rose a 1979, hiroyin ta riga ta shiga rayuwarsa, har a faifan akwai waƙar Got to Give It Up, wadda a fili take maganar shaye-shaye. Jama'a suka yi ta tafi. Ya yi aure a 1980, ya sami 'ya'ya mata biyu, ya fitar da faya-fayai na kansa, auren ya lalace, ƙungiyar ta watse a 1983. A 1985 ya ɗan farfaɗo da Out in the Fields tare da Gary Moore, amma a babban wasan Live Aid na shekarar, wanda abokansa Bob Geldof da Midge Ure suka shirya, ba a gan shi a dandali ba.

Ranar Kirsimeti ta 1985 ya yanke jiki ya faɗi a gidansa na Kew, a Landan. Uwarsa ce ta same shi, kuma har wannan rana ba ta san yana amfani da hiroyin ba. Matarsa, wadda ta sani, ta ɗauke shi zuwa wata cibiyar masu shaye-shaye a Wiltshire, daga can aka wuce da shi asibitin Salisbury. A nan aka gano ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa.

Wannan ciwo mu ma'aikatan jinya muna tsoronsa, don yana da saurin gaske kuma yana iya sajewa da wani abu. Mai yi wa kansa allura yana buɗe wa ƙwayoyin cutar da ke kan fata hanya kai tsaye zuwa jini. Daga nan sukan sauka a huhu, ko a ƙofofin zuciya, ko su tara ruwa a cikin jiki. Jiki ya tashi yaƙi, yaƙin ya wuce kima, jini ya faɗi, ƙoda ta daina aiki. Alamun farko su ne rawar ɗari, zufa, bugun zuciya da sauri, da ruɗewa, kuma su ne dai alamun da ake gani ga wanda ƙwaya ta sake shi. Shi ya sa iyali kan ce a bar shi ya yi barci, abin zai wuce. Abin da ya kamata a duba shi ne numfashi: idan yana haki alhali yana kwance, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko maganarsa ta daina haɗuwa, to asibiti ne a wannan sa'ar, ba gobe ba. Ga mu baƙaƙe akwai ƙarin matsala, domin sauyin launin fata da littattafan koyarwa ke nunawa a jikin Bature ba ya fitowa sosai a namu. Sai a duba tafin hannu, da leɓe, da cikin fatar ido. Wannan bai tsaya ga masu allura ba. Mai jego, da mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, da tsoho mai ciwon mafitsara, duk yana iya kama su.

Philip ya yi kwana goma a asibiti. Ya ɗan farfaɗo har ya yi magana da uwarsa, sannan nimoniya da gazawar zuciya suka biyo baya. Ya mutu ranar 4 ga Janairu, 1986, yana da shekara 36. Aka kai gawarsa Dublin, aka binne shi a maƙabartar St Fintan da ke Sutton.

Philomena ta rayu shekara 33 bayansa. Ta rubuta littafi a kansa, My Boy, a 1995, ta riƙa karɓar masoyansa da ke zuwa daga ƙasashe har cikin gidanta, ta kuma zama mai tsaron sunansa. A 2012, da 'yan jam'iyyar Republican suka sa The Boys Are Back in Town a kamfen ɗin Mitt Romney a Amurka, tsohuwar ta fito a jaridu ta nuna ba da yawunta ba, kuma ɗanta ba zai yarda ba. Ta mutu a watan Yuni na 2019, tana da shekara 88.