Alhaji Mamman Shata Katsina: Rayuwarsa da Hanyar da Waƙoƙinsa Suka Bi Suka Iso Gare Mu

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a kudancin Katsina, ko a Ƙanƙara ne, ko Faskari, ko Sabuwa, da wuya a ce bai san muryar Alhaji Mamman Shata ba tun kafin ya san sunan mai ita. Ana jin ta a rediyon mai shayi, ana jin ta a motar haya ranar kasuwa, yanzu kuma ga ta cikin wayoyin samarin da ba a ma haife su ba lokacin da ya rasu. Manufar wannan maƙala ita ce a kawo taƙaitaccen tarihin wannan mawaƙi, a dubi irin kiɗansa da jigoginsa, sa'an nan a nuna yadda waƙoƙinsa suka tashi daga bakin dandali suka shiga faifai da kaset. A ƙarshe za a taɓo nauyin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa game da adana su.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, Bafillace ne, kuma gidansu ba gidan makaɗa ba ne. Wannan magana tana da muhimmanci, domin a al'adar Hausawa ta wancan zamani kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado, kamar ƙira da fawa da wanzanci. Ɗan makaɗi ne yake ɗaukar ganga, ɗan malami kuwa allo. Saboda haka mahaifinsa bai so ya ga ɗansa ya bi wannan hanya ba, don yana ganin ta zubar da mutuncin gida ce.

Kamar sauran yaran Hausawa, an sa shi makarantar allo. Da ya tasa sai ya kama tallar goro, daga baya ya koma sayar da alewa. A wajen tallar nan ne wani ɗan'uwansa da ake kira Baba Salamu ya laƙaba masa sunan Shata, sunan da ya bi shi har ya danne na yanka. Waƙa kuwa ya fara ta ne a dandali bayan cin tuwon dare, inda samari da 'yan mata suke taruwa ana waƙoƙin asauwara. A lokacin nan ba don kuɗi yake yi ba, ƙuruciya ce da neman a san da shi cikin tsara. Sannu a hankali ya fi abokansa, har aka soma gayyatarsa ƙauyukan da suke kewaye da Musawa. Da abin ya yi ƙarfi sai ya ajiye talla, ya rungumi waƙa gadan-gadan.

Zaman Bakori da Funtuwa

Tashinsa daga Musawa ya zo ne ta hannun wani ɗan sarautar garin, Abdullahi Inde, wanda yake yi wa En'e aikin sayen auduga da gyaɗa a Bakori. Shi ne ya kira shi ya zo ya zauna kusa da shi. A Bakori Shata ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya riƙa fita da makaɗansa zuwa Katsina da Kano. Tauraronsa ya haska sosai a shekarar 1952, lokacin da ya yi wasa a wani gagarumin biki a birnin Kano wanda aka fi sani da Bikin 'Yan Sarki, inda aka yi wa 'ya'yan sarauta da dama aure a lokaci guda. A 1960 ya ƙaura zuwa Funtuwa, ya mai da ita gida har kusan shekara 40.

Ya kamata a tsaya a dubi dalilin da ya sa wannan yanki ya karɓe shi. Kudancin Katsina ƙasar noma ce mai albarka, musamman auduga da dawa da masara. Funtuwa tana kan hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta nufi Gusau da Ƙauran Namoda, tana kuma da injin gurzar auduga tun zamanin Turawa. Hanyoyin mota sun haɗu a cikinta: ga wadda ta bi ta ƙasar Faskari zuwa Gusau, da reshenta da ya ɓalle a Sheme ya nufi Ƙanƙara, ga kuma wadda ta ratsa Ɗandume da Sabuwa zuwa Birnin Gwari. Idan kaka ta yi, manomi ya kai audugarsa sikeli ya karɓi kuɗi, sai bukukuwan aure su kankama. Inda kuɗi da biki suka taru kuwa, nan makaɗi yake. Ga dillalai, ga direbobin manyan motoci, ga ma'aikatan En'e, dukkansu masu kuɗi a hannu ne, masu son a ambaci sunansu a bainar jama'a. Waɗannan mutane su ne suka fara ɗaukar nauyin Shata, su ne kuma suka cika waƙoƙinsa.

Kiɗansa da Tsarin Waƙarsa

Masana sukan kasa makaɗan baka gida-gida. Akwai makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda suke da ubangida a fada. Akwai makaɗan sana'a da na maza, masu yi wa manoma ko 'yan dambe ko mafarauta. Sa'an nan akwai makaɗan jama'a, waɗanda ba su da shamaki, kowa nasu ne. A wannan gida na ƙarshe ake sa Shata, shi ne ma jigonsa.

Abin kiɗansa kalangu ne, wanda a da an fi saninsa a hannun makaɗan mahauta da na 'yan mata. Kalangu ice ne da aka fafe, mai siririn tsakiya da baki biyu, an rufe kowane baki da fata, an haɗa su da tsarkiya. Makaɗi yakan rataya shi a kafaɗa ya matse a hammata. In ya matsa tsarkiya sai sauti ya hau, in ya saki sai ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan hawa da sauka yakan sa kalangu ya kwaikwayi magana, har mai sauraro ya gane abin da ake nufi. Shata shi kansa ba ya riƙe ganga a fage. Nasa shi ne jagorancin waƙa, makaɗa da 'yan amshi suna biye.

Tsarin waƙarsa ya bambanta da na makaɗan fada. A wajen su Ɗanƙwairo, 'yan amshi sukan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari, abin da yake nuna an zauna an tsara waƙar an haddace ta. Shi kuwa Shata amshinsa gajere ne, sau da yawa layi ɗaya tak, 'yan amshi suna ta maimaita shi ba sauyi. Duk sauran nauyin yana kansa, yana zuba ɗiyan waƙa nan take gwargwadon abin da idonsa ya gani a fage da wanda ya shigo. Wannan ne ya sa waƙa ɗaya takan fito da kama daban-daban. Bakandamiyarsa, wadda ya wasa kansa a ciki, misali ce babba: ya rera ta a wurare da yawa, kuma kowace rerawa tana da ɗiyan da babu su a wata.

Jigogin Waƙoƙinsa

Yabo shi ne ya fi yawa. Ya yabi sarakuna, kuma a cikinsu babu wanda ya fi kusa da shi kamar Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Amma bai tsaya a fada ba. Ya yi wa attajirai, da direbobi, da dillalai, da mata masu sana'a, har da 'yan bori. Ta haka talaka mai abin hannunsa ya sami irin ambaton da a da sai basarake yake samu. Wannan canji ne babba a tarihin waƙar Hausa, kuma ya tafi kafaɗa da kafaɗa da canjin da kuɗin auduga da gyaɗa da mota suka kawo a zaman jama'a.

Haka kuma ya yi fice wajen zambo da habaici, har mutane suna shakkar bakinsa. Ya yi waƙoƙin faɗakarwa kan noma da aure da zaman duniya. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojojin Tarayya gwiwa. Da Amurka ta tura kumbon Apollo 11 duniyar wata a 1969, shi ma ya yi masa waƙa, ta yadda labarin ya shiga kunnen manomin da bai taɓa riƙe jarida ba.

Ba a rasa masu sukarsa ba. Waƙar da ya yi wa mashaya ta jawo masa zargi daga malamai da masu wa'azi, kuma har yau akwai waɗanda ba sa ganin roƙo da ƙima kowane iri ne. Masu kare shi kuwa sukan nuna waƙarsa ta begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da yawan ambaton ikon Allah da yake yi. Abin da ya dace da mai nazari shi ne ya ɗauki ɓangarorin biyu tare, domin duka suna cikin mutumin, duka kuma suna cikin al'ummar da ta saurare shi.

Siyasa da Karramawa

Shata ya taɓa siyasa da hannunsa. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, kafin a ba ta jiharta a 1987. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa, amma saɓani da manyan jam'iyyar ya sa aka sauke shi. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na Dakta a 1988. Ke nan sana'ar da mahaifinsa ya ƙi saboda gudun abin kunya, ita ce ta kai shi ya sa rigar malanta a gaban shaihunan jami'a.

Daga Dandali zuwa Faifai

Waƙar baka, in ba a ɗauke ta ba, tana mutuwa ne da watsewar taro. Abin da ya ceci ta Shata shi ne zamaninsa ya zo daidai da na'ura. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki waƙoƙinsa da yawa ya watsa su har Nijar da Ghana da Kamaru. Kamfanonin faifai irin su EMI sun buga masa faifan garmaho. Da kaset ya yawaita a shekarun 1970, sai kowane mai rikoda ya zama mai ɗauka, masu shagon kaset kuma suna kwafa suna sayarwa a kasuwannin ƙauye. Yau waɗannan ne aka juye cikin wayoyi da intanet.

Sai dai wannan hanya ta zo da nata lahani. Kaset ɗin kasuwa ba ya ɗauke da ranar ɗauka, ko wurin da aka yi wasan, ko sunayen makaɗa. Wajen kwafa akan yanke farko ko ƙarshe don waƙa ta shiga zare. Wanda ya saurari kwafi ɗaya ya gina nazari a kansa, yana iya ɗauka ya ji waƙar gaba ɗaya, alhali kuwa rerawa ɗaya ya ji daga cikin masu yawa. Shata da kansa bai iya ƙididdige yawan waƙoƙinsa ba, kuma waɗanda ya yi a Musawa da Bakori kafin zuwan rikoda, mafi yawansu sun tafi da waɗanda suka ji su.

Masana sun yi ƙoƙari. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. A 2006 Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, tare da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Ɗaya daga cikinsu, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, ya ci gaba da tattara waƙoƙin har ya wallafa Mahadi Mai Dogon Zamani. Abin lura ne cewa 'ya'yan wannan yanki da ya riƙe Shata da rai su ne kuma suka tsaya wajen riƙe tarihinsa.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da doguwar jinya, har aka kai shi Jidda aka yi masa aiki. Bayan ya dawo aka kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara 76. An yi jana'izarsa a Daura, garin ubangidansa Sarki Bashar, a can aka binne shi.

Kammalawa

An ga yadda ɗan tallar goro daga Musawa ya ɗauki kalangun dandali ya kai shi gaban sarakuna da jami'a, da yadda arzikin kudancin Katsina ya ba shi wurin tsayawa. Abin da ya rage aiki ne mai gaggawa. Waƙoƙinsa cike suke da sunayen mutane da garuruwa da tashoshi, waɗanda dattawan yankin kaɗai za su iya faɗin ko su wane ne. Dattawan nan suna ta ƙarewa, zaren kaset yana ruɓewa a adaka, ga kuma rashin tsaron da ya addabi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a shekarun nan, wanda ya raba mutane da yawa da ƙauyukansu. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ya kamata ɗalibin da ya fito daga waɗannan garuruwa, in ya je hutu, ya nemi tsofaffin kaset na gidansu, ya juye su, ya zauna da wanda ya halarci wasan ya rubuta inda aka yi shi da shekarar da aka yi, ya kawo wa sashe a ajiye. Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa, amin.