Taƙaitaccen Tarihin Franz Jägerstätter (1907–1943): Manomin da Ya Ƙi Yi wa Hitila Yaƙi

Dattawan ƙasar Adar, daga Buza zuwa Madawa da Keita, ba su manta da Yaƙin Hitila ba, domin Faransa ta ɗebi samari daga ƙasashen da take mulka, har da Nijar, ta kai su fagen daga. Wasu sun komo gida ana ce musu tsofaffin soja, wasu kuwa can ƙasa ta rufe musu ido. A cikin ƙasashen da Hitila ke mulka kuma, an yi wani talaka manomi, Kirista ɗan ɗarikar Katolika, wanda aka ba bindiga don ya shiga rundunar da mutanenmu suka yaƙa, ya ƙi karɓa, ya biya da ransa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Franz ranar 20 ga Mayu, 1907, a Sankt Radegund, wani ɗan ƙauyen manoma a ƙasar Ostiriya, kusa da kogin Salzach da ya raba ta da Jamus. Iyayensa barorin gona ne, kuma talauci bai bar su sun yi aure ba. A hannun kakarsa ta wajen uwa ya fara tasowa. Mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1917 mahaifiyarsa ta auri wani manomi mai suna Heinrich Jägerstätter, wanda ya riƙe yaron tamkar ɗan cikinsa, ya ba shi sunansa. Karatunsa bai wuce na makarantar ƙauye ba, amma ya tashi da son karanta littattafai.

Samartakarsa ba ta waliyyai ba ce. An san shi da son rawa da zafin zuciya, har da faɗa tsakanin samarin ƙauyuka. Daga 1927 zuwa 1930 ya tafi cin rani mahaƙar ƙarfe ta Eisenerz, ya komo da babur, irinsa na farko a ƙauyen. A 1933 aka haifa masa ɗiya ba tare da aure ba, bai kuwa yi musun ta ba. A shekarar ce mijin mahaifiyarsa ya rasu, gandun gidan ya dawo hannunsa.

Aurensa da gidansa

Ranar 9 ga Afrilu, 1936, ya auri Franziska Schwaninger, ɗiyar manoma mai riƙo da ibada. Maimakon shagalin biki, sai ango da amarya suka kama hanyar birnin Rum ziyarar ibada. Tun daga nan mutanen gari suka ga ya sauya: ya lazimci majami'a, yana karanta Littafi Mai Tsarki tare da maiɗakinsa, yana taimakon mabukata a ɓoye. Allah ya ba su ƴaƴa mata uku, a 1937 da 1938 da 1940. Daga baya ya zama mai kula da majami'ar ƙauyen, shi ne mai shirya wurin ibada da kaɗa ƙararrawa, ban da aikin gona da kiwon shanu.

Zuwan mulkin Nazi

A watan Maris na 1938 sojojin Jamus suka shiga Ostiriya, aka haɗe ta da daular Hitila. Aka yi wa Franz tayin muƙamin magajin gari, ya ƙi, domin ya gane cewa duk wanda ya hau kujerar a wannan zamani, umurnin azzalumai zai riƙa zartarwa a kan maƙwabtansa. Da aka yi ƙuri'ar raba-gardama ranar 10 ga Afrilu, shi kaɗai ne a ƙauyen ya jefa ƙuri'ar ƙin amincewa. Kuɗin tallafin yara da sabuwar gwamnati ke bai wa iyalai bai karɓa ba, haka kuma agajin da aka raba wa manoma bayan ƙanƙara ta ɓata amfanin gona. Ya san cewa bakin da ya ci, shi ke godiya.

A 1940 aka kira shi aikin soja, ya amsa. Ya yi horo a barikin Enns daga Oktoba na 1940 zuwa Afrilu na 1941, sa'an nan aka sallame shi bisa hujjar cewa ana buƙatarsa a gona. Abin da ya gani a bariki, da labarin da ya ji na yadda gwamnati ke kashe naƙasassu da masu taɓin hankali, da yadda ake mamaye ƙasashen da ba su tsokani kowa ba, su suka sa ya ƙudurta cewa in an sake kiransa ba zai yi yaƙin ba.

Bai yanke wannan shawara da garaje ba. Ya tuntuɓi limaman coci, ya je har wajen bishop na birnin Linz. Kusan duka amsa guda suka ba shi: shi talaka ne mai iyali, alhakin yaƙi yana wuyan shugabanni, ya tuna da mata da ƙananan yara. Mahaifiyarsa ta yi kuka, dangi suka yi ta lallashi. Ita ma Franziska da farko ta roƙe shi, amma da ta ga an bar shi shi kaɗai, sai ta tsaya a bayansa, alhali ta san ita za a bari da marayu. Hujjarsa kuwa ba ta sauya ba: kowane mutum shi zai amsa tambayar abin da hannunsa ya aikata a gaban Mahaliccinsa, kuma ciyar da iyali ba ya halatta zubar da jinin marar laifi.

Ɗauri da kisa

A watan Fabrairu na 1943 takardar kira ta sake zuwa. Bai gudu ba, bai ɓuya ba. Ya kai kansa barikin Enns a farkon Maris, ya faɗa musu cewa ba zai ɗauki makami ba, amma a shirye yake ya yi aikin jinyar masu rauni. Aka tsare shi a Linz, a watan Mayu aka mai da shi kurkukun Tegel a Berlin. Ranar 6 ga Yuli kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa bisa laifin karya ƙarfin gwiwar runduna. Maiɗakinsa ta yi doguwar tafiya tare da limamin ƙauyensu, aka ba su ƴan mintoci suka gana. Ranar 9 ga Agusta, 1943, aka sare masa kai a kurkukun Brandenburg, yana da shekara 36. A 1946 wasu mata masu hidimar coci suka kawo tokar gawarsa, aka binne ta a jikin majami'ar ƙauyensu.

Abin da ya bari

Yaƙi ya ƙare a 1945, amma wahalar gidansa ba ta ƙare ba. Gidajen da suka rasa ƴaƴa a fagen daga suna ganin ƙin da ya yi tamkar zargi ne a kansu, wasu kuma suka ɗora wa Franziska laifi. Sai a 1950 aka fara ba ta fanshon matan da yaƙi ya kashe wa maza. Ita ta riƙe gona, ta raini yara, ta gaji mijinta wajen kula da majami'a shekaru masu yawa.

A 1964 wani malamin jami'a ɗan Amurka, Gordon Zahn, ya wallafa littafi a kan rayuwarsa, duniya ta san da shi. A 1997 wata kotun Berlin ta soke hukuncin da aka yi masa. Ranar 26 ga Oktoba, 2007, a babbar majami'ar Linz, Cocin Katolika ta sanya shi cikin masu albarka, matakin da ke gab da na waliyyi. Franziska tana wurin, tana da shekara 94. Ta rasu a 2013, bayan ta cika shekara 100 a duniya, kusan 70 daga ciki tana zaman rashin miji.

Hausawa na cewa gaskiya ɗaci gare ta, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Franz bai riƙe sarauta ba, bai tara dukiya ba, bai tsai da yaƙin ko da na yini guda ba. Amma hukuncin da manyan alƙalai suka yanke masa an shafe shi, kuma kabarin da aka taɓa kawar wa kai, yau baƙi daga ƙasashe daban-daban ke zuwa ziyararsa duk ranar 9 ga Agusta.