Tarihin Bishof Samuel Ajayi Crowther

An haifi Ajayi a Osogun, ƙasar Yarbawa, wajen 1809. Yana yaro mahara suka kama shi suka sayar, aka sa shi cikin jirgin bayi. Jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato shi cikin 1822, suka sauke shi a Saliyo. Can ya shiga addinin Kirista, ya zama ɗalibi na farko a Kwalejin Fourah Bay cikin 1827.

Abin da ya ɗaukaka shi shi ne bai raba ibada da neman ilmi ba. A ganinsa mutum ba ya gane Littafi Mai Tsarki sosai sai cikin harshen da ya tashi da shi. Saboda haka ya duƙufa ga nazarin harsuna, yana bin dattawa yana tsintar kalmomi da karin magana. Ya wallafa ƙamus na Yarbanci cikin 1843, da nahawun Nufanci cikin 1864, sa'an nan ya shugabanci aikin juya Littafin da Yarbanci. Cikin 1864 ɗin nan aka naɗa shi Bishof, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin Dokta.

Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Ƙa'idar rubutun Yarbanci da ya taimaka aka kafa kuwa, Kirista da Musulmi duk sun ci moriyarta.